Kumburin fankiriyas: me ya sa likitoci suka ce a jira kafin a ɗauki hoton CT?

Mai Jinyar Uwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masu ilimin lafiya da ke wannan zaure su taimaka mini da bayani, domin hankalina ya kasa kwanciya. Yau kwana biyu ke nan da aka kwantar da mahaifiyata, mai shekara 56, a asibiti. Ciwon ya taso mata farat ɗaya cikin dare, a saman ciki daidai ƙasan ƙirji, yana ratsawa har gadon baya, ga amai babu ƙaƙƙautawa, kuma ba ta samun ɗan sauƙi sai ta zauna ta duƙa gaba. Da farko mun ɗauka gyambon ciki ne. Bayan gwajin jini likita ya ce wani sinadari mai suna lifas ya ninka ƙa'idarsa sau da yawa, kuma abin da ke damunta kumburin fankiriyas ne. An yi mata sikanin, an ga tsakuwa a matsarmamarta.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na nemi a yi mata hoton CT, wato hoton na'urar da ke nuna cikin jiki yanki-yanki, tun ranar farko, likita ya ce lokacinsa bai yi ba, kuma wataƙila ba za a buƙace shi ba gaba ɗaya. Ban ga ana yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ba, sai ƙarin ruwa da maganin rage raɗaɗi kawai. Sannan yau da safe aka ce ta fara cin abinci kaɗan, alhali ni a tunanina cikin da ke cikin wannan hali hutu yake bukata. Shin haka ake yi, ko kuwa akwai sakaci a cikin lamarin?

Likitan Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Ban ga majinyaciyar ba, don haka maganar likitocin da ke kanta ita ce gaba da tawa, amma abin da ka bayyana ya yi daidai da yadda ake kula da wannan ciwo a yau.

Fankiriyas wata gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, kuma ba ita ce saifa ba, duk da mutane da yawa suna haɗa su. Tana samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, tana kuma samar da ruwan da ke narkar da abinci, wanda ke bi ta wani siririn bututu zuwa farkon ƙaramin hanji. A ƙa'ida sinadaran wannan ruwa ba sa fara aiki sai sun isa hanji. Idan wani abu ya sa suka farka tun suna cikin gaɓar, sai su fara narkar da ita kanta, kuma daga nan ne kumburi da wannan azabar ciwo suke tasowa. Bututun fankiriyas da bututun da ke sauko da ruwan matsarmama suna buɗewa a ƙofa ɗaya, shi ya sa ƙaramar tsakuwa da ta gangaro ta maƙale a wurin, ko da na ɗan lokaci ne, tana iya tayar da ciwon. Tun a 1901 wani likitan Amurka, Eugene Opie, ya nuna wannan alaƙa. Tsakuwar matsarmama da shan barasa su ne manyan musabbabai biyu. Bayansu akwai hauhawar kitse a jini, da yawan kalsiyam, da wasu magunguna, da bugu mai ƙarfi a ciki, da ciwon hangum, kuma akwai waɗanda za a bincika iya bincike ba a gano dalili ba.

Ana tabbatar da ciwon ne idan biyu daga cikin abubuwa uku sun haɗu: irin wannan ciwon ciki, da lifas ko amilas (sinadaran narkar da abinci ne da fankiriyas ke samarwa) da ya kai ninki uku na iyakar ƙa'ida a jini, da alamar kumburi a hoto. Mama ta cika biyun farko, don haka ba a bukatar CT domin sanin sunan ciwon. Hoton da ake bukata a ranar farko shi ne sikanin da aka yi mata, kuma ba don a ga fankiriyas ake yin sa ba, domin iskar hanji kan rufe ta, sai don a nemo tsakuwa a ga kuma ko bututun matsarmama ya buɗe fiye da kima.

A nan ne nake so ka tsaya ka fahimta sosai, domin a wurin aikina ina yawan ganin iyalai suna matsa wa likita a kan wannan. Babban amfanin CT a wannan ciwo shi ne nuna ko wani sashe na fankiriyas ya mutu. Ana ɗura wani ruwa ta jijiya, sashen da jini ke kaiwa sai ya yi haske a hoto, wanda ya mutu kuma ya ƙi ɗauka. To, wannan bambanci ba ya fitowa sarai a kwana ɗaya ko biyu na farko. Sai bayan awa 72 zuwa 96 da fara ciwo ake iya dogara da shi. Hoton da aka ɗauka da wuri yana iya nuna komai lafiya alhali ɓarna tana tafe, sai ya kwantar wa kowa da hankali a inda bai kamata ba. Ga shi kuma ruwan da ake ɗurawar yana iya ƙara wa ƙoda nauyi a lokacin da jiki ya bushe da amai. Ana gaggauta CT ne idan ana shakkar ko wani ciwon ne dabam, kamar hujewar hanji, ko kuma idan majinyaci ya ƙi samun sauƙi bayan kwana biyu zuwa uku. Idan kuwa ana zargin akwai tsakuwar da ta rage a cikin bututu, hoton maganaɗisu da ake kira MRCP ya fi dacewa da wannan tambaya.

Kusan kashi 80 cikin 100 na masu wannan ciwo nau'i mai sauƙi suke yi, su warke cikin kamar mako guda. Ma'aunin da likitoci ke bi, wanda aka tsara a Atalanta a 1992 aka sabunta a 2012, ba da girman lambar lifas yake auna tsanani ba. Yana duba ko huhu, ko ƙoda, ko bugun jini sun gaza, da kuma ko gazawar ta wuce awa 48.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Sannu da ɗawainiya, ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri. Likita ya gama da batun hoto, ni zan taɓa abinci da magani.

Tunaninka game da hutar da ciki shi ne abin da aka koyar shekaru da yawa, har ana hana majinyaci komai ta baki na tsawon kwanaki. Daga baya aka gane cewa hanjin da aka bari babu abinci bangonsa yana raunana, ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su sami hanyar tsallakawa zuwa wurin da ya kumbura. Shi ya sa yanzu da zarar amai ya tsaya, ciwo ya fara lafawa, ake fara ba da abinci mara maiƙo kaɗan-kaɗan, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya kasa ci ma an fi son a sa masa robar abinci ta hanci a kan a ciyar da shi ta jijiya.

Game da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kumburin farko ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, don haka ba da maganin tun kafin a ga alamar cuta ba ya hana komai, sai dai ya haifar da ƙwayoyi masu taurin kai. Ƙarin ruwan nan da kake gani kamar ba wani abu ba ne shi ne ginshiƙin maganin, amma shi ma da awo ake yin sa. Wani bincike da likitocin Sifen suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2022, an dakatar da shi kafin lokaci saboda kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwa da yawa ruwan ya yi musu yawa a jiki, a kan kusan kashi 6 na waɗanda aka ba daidai gwargwado, kuma ba su fi su samun sauƙi ba.

Tunda kana kusa da ita, ka lura da yawan fitsarinta, da yadda take numfashi, da ko tana rikicewa a magana. Idan fitsari ya ragu sosai, ko numfashi ya yi sauri, ko zazzaɓi ya taso idanu suka yi rawaya, kada ka jira zagayen likita, ka sanar nan take. Zazzaɓi tare da ciwon shawara yana iya nufin bututun matsarmama ya toshe kuma cuta ta shiga, kuma wannan shi ne halin da ake gaggawar zura na'ura ta baki a ciro tsakuwar cikin kamar awa 24, aikin da ake kira ERCP.

Wanda Ya Taɓa Kwanciya ya amsa:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma na yi wannan ciwo, kuma nawa bai zo da sauƙi ba. Ban taɓa shan barasa ba, ba ni da tsakuwa. Kitsen jinina ne ya haura 1000 a ma'aunin gwaji ban sani ba. Na faɗi haka ne domin na sha tambayoyi masu ciwo daga mutanen da suka ji cewa barasa tana kawo shi.

A kwana na biyar aka yi mini CT, aka ga wani sashe na fankiriyas ya mutu, ruwa kuma ya taru a kewayensa. Iyalina sun so a yi tiyata a kwashe, likitan ya ƙi. Ya yi mana bayani cewa mataccen naman da cuta ba ta shiga ba sau da yawa ba a taɓa shi, kuma ko za a taɓa, an fi so a kai kamar mako huɗu, lokacin da jiki zai gina masa bango ya ware shi daga mai rai, domin kafin nan wuƙa ba ta iya bambance su. A mako na uku zazzaɓi ya dawo mini, sabon hoto ya nuna ƙananan kumfar iska a cikin tarin, wanda aka ce alama ce ta shigar ƙwayoyin cuta. A lokacin ne aka fara mini allurar kashe su, daga baya aka sa mini roba ta gefen ciki ta riƙa tsiyayar da ruwan. Ban kai ga babbar tiyata ba. Makonnin jiran nan su ne mafi wuya a rayuwata, kuma na sha zargin likitan a zuciyata. Yau ina shan maganin kitse, ana kuma duba sukarina a kai a kai, domin an gaya mini wanda ya rasa sashen wannan gaɓa yana iya kamuwa da ciwon sukari daga baya.

Mai Jinyar Uwa ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Alhamdu lillahi, amai ya tsaya kuma ta ci abinci sau biyu. Sai dai wata sabuwa ta taso: likitan tiyata ya ce yana so ya cire matsarmamar kafin a sallame ta. Yayyena suna ganin a bari ta koma gida ta murmure tukuna. Likita, mene ne ra'ayinka?

Likitan Hoto ya sake amsawa:

Madalla da wannan labari. A wannan karon ina goyon bayan gaggawa, kuma babu saɓani tsakaninsa da abin da na faɗa a baya. Jiran da aka yi wa CT, da jiran da ɗan'uwanmu ya ba da labari, jira ne domin lokaci yana gyara abin da ake son gani ko taɓawa. Tsarin da aka bi da shi, na fara sa roba kafin a yi tunanin buɗe ciki, ya samu karɓuwa ne bayan wani binciken ƙasar Holan na 2010, inda kusan kashi 35 cikin 100 suka warke da robar kaɗai. Tsakuwar matsarmama kuwa lokaci ba ya gyara ta. Wadda ta tayar da ciwon mai yiwuwa ta riga ta wuce, amma sauran suna nan, kuma kowace tana iya bin hanya ɗaya.

An gwada wannan tambaya taku kai tsaye a Holan, aka wallafa sakamakon a 2015. Masu nau'i mai sauƙi aka raba gida biyu: waɗanda aka cire wa matsarmama kafin sallama, da waɗanda aka ce su dawo bayan kusan wata guda. Matsalar tsakuwa ta sake tasowa ga kashi 17 cikin 100 na waɗanda suka jira, a kan kashi 5 na waɗanda aka yi wa aiki tun suna kwance. Kuma babu tabbacin cewa kamu na biyu zai zo da sauƙi irin na farko. Inda ake ɗage wannan tiyata shi ne idan ciwon ya yi tsanani ko ruwa ya taru a kewayen fankiriyas, sai a jira ya baje ko ya daidaita.

Idan tsoron yayyenka shi ne rayuwa babu matsarmama, ka gaya musu hanta ce ke samar da ruwan, matsarmama ma'aji ce kawai, kuma bayan cire ta ruwan yana ci gaba da sauka hanji. Yawanci ana yin aikin ne ta ƙananan huji da na'urar leƙen ciki. Ina ba ku shawara ku zauna da likitan tiyatar dukanku, Mama tana wurin tunda jikinta ne, ku tambaye shi ko gwajin hantarta ya dawo daidai, ko akwai alamar tsakuwa a cikin bututu da za ta sa a fara yin MRCP, da kuma ranar da yake ganin ta shirya.