Mitokondiriya da Hausa: "maƙera" ta fi "tashar wuta"

1/ Assalamu alaikum. 'Yar yayata tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma bincikenta a kan furotin ɗin da ke cikin mitokondiriya ne a ƙwayoyin ciwon daji. Ranar Juma'a mahaifiyarta ta ce mata, "Wai ke me kike bincike ne haka, kullum ba kya dawowa sai magariba?" Yarinya ta buɗe baki, Hausa ta ƙi zuwa. Sai ta juyo gare ni: "Kawu, yaya ake cewa?" Tun ranar abin yake cina.

2/ Ga wanda bai san ta ba: jikinmu ginin ƙwayoyin halitta ne, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna masu fata biyu, ta waje da ta ciki. Ƙwayar hanta ɗaya tana ɗauke da dubu ko fiye, jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da ko ɗaya. A nan ake ƙona abin da muka ci da iskar da muka shaƙa, a fitar da ATP, wato kuɗin da ƙwaya ke kashewa a kan kowane aiki nata.

3/ Wani likita Bajamushe, Carl Benda, shi ya raɗa sunan a 1898, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin zare da tsaba, domin a wannan siffar ya gan su a madubin ƙara girma. Mu ma muna iya cewa "zare-da-tsaba", amma siffa kawai ya faɗa, bai faɗi aiki ba. Na ajiye shi gefe.

4/ Wanda na fi ji a bakin malamai shi ne "tashar wutar ƙwaya", wasu ma su ce "janareta". An ɗauko shi ne daga kirarin da Turawa suke yi mata a littattafan makaranta. Ga ɗan sakandare ya wadatar. Ga mai binciken ciwon daji (kansa) kuwa yana ɓatar da hanya, kuma ga dalilina.

5/ Tun shekarun 1920 masanin kimiyya Otto Warburg ya lura a Jamus cewa ƙwayoyin ciwon daji suna zuƙar sukari kamar ba gobe, amma maimakon su ƙona shi ƙurmus sai su tsaya rabin hanya su zubar da ragowar a matsayin tsami, ko da iska tana nan wadatacciya. Lissafin da ban mamaki: rabin hanya ATP 2 take bayarwa daga kowane sukari ɗaya, cikakkiyar ƙonawa kuwa wajen 30. Warburg ya ce ai injin numfashin ƙwayar ne ya lalace, kuma wannan ne asalin cutar. Ya riƙe ra'ayin nan har cikin rubutunsa na 1956. Abin da ya gani gaskiya ne, shi ya sa har yau hoton asibiti da ake kira PET yake gano ƙari ta hanyar bin inda sukari ya taru. Fassararsa ce ba ta tsaya ba. Bincike na baya ya nuna cewa a yawancin nau'in ciwon daji mitokondiriya lafiyarta ƙalau, aiki ne ya sauya mata. Ƙwayar da ke son rabuwa biyu ba tsayawa tana bukatar kayan gini: kitse na sabuwar fata, tubalan furotin, tubalan DNA, wato kundin umarnin gado na ƙwaya. Da yawa daga cikinsu daga nan suke fitowa. Tashar wuta ba ta ƙera komai.

6/ Akwai na biyu, wanda ya fi taɓa ni. In ƙwaya ta lalace har ba ta gyaruwa, ita da kanta take kashe kanta don jiki ya tsira, kuma makamin a mitokondiriya yake ajiye. A 1996 ɗakin binciken Xiaodong Wang a Amurka ya nuna cewa wani furotin, sitokurom si, in ya fito daga cikinta to an buga gangar mutuwar ƙwaya. Wani furotin kuma, BCL-2, yana zaune a fatar waje yana tare ƙofa. Wasu ƙwayoyin ciwon daji sukan tara shi da yawa don kada ƙofar ta taɓa buɗuwa. Maganin venetoclax, wanda Amurka ta amince da shi a 2016 don wani nau'in kansar jini, aikinsa ke nan: ya janye mai gadin.

7/ To ina ne a ƙasar Hausa ake da wuta, ake zuga mata iska, ake ƙera kayan aiki, kuma wuƙa tana rataye a bango? Maƙera.

Duk wanda ya taɓa kai fartanya gyara ya san wurin. Yaro a zaune yana danna zuga-zugi hannu bayan hannu, gawayin ƙirya ya yi jajir, maƙeri ya ciro ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, masaba ta sauka. In yaron ya tsaya, wuta ta kwanta. Gawayi shi ne abincinmu, iskar zuga ita ce numfashi, lauje da gatari su ne kayan da ƙwaya ke bukata. Wuƙar kuma kun riga kun san ta.

8/ Wani malamin Hausa da na tuntuɓa ya ce, "Malam, a rubuce ai maƙera wuri da maƙera mutane duk ɗaya ne, sai a baki karin sauti ya raba su." Gaskiyarsa. Amma madanganci yana raba gardama: maƙerar ƙwaya ita ce wurin, jam'inta maƙeru, maƙeran ciki su ne ma'aikata. Nan ma sai na ga riba muka ci, don furotin ɗin da 'yar yayata ke bincike su ne maƙeran. Sun haura nau'i 1,000, amma 13 kacal ake yi da umarnin DNA ɗin maƙerar kanta, wanda daga uwa kaɗai ake gadonsa. Sauran duk a waje ake yin su, a shigo da su ta ƙofofin fata.

9/ "Murhu" ma ya zo min a rai, sai dai murhu dafawa kawai yake yi.

10/ Ban ce a jefar da "mitokondiriya" ba. Ɗalibi zai gamu da ita a jarrabawa, ya kamata ya iya ta. Amma a rediyo, da gaban marar lafiya, da tsakar gida, a ce maƙerar ƙwaya.

11/ Jiya yarinyar ta gwada a gaban mahaifiyarta: "Umma, a cikin kowace ƙwaya ta jiki akwai maƙeru. Ciwon daji yana kama maƙeran ciki ya sa su yi masa aiki, ya kuma ɓoye wuƙar da za ta kashe shi. Ni ina duba waɗanne ne a cikinsu suka koma wajensa." Umma ta ajiye tsintsiya ta ce, "To in kin gane su, akwai maganin da zai dawo da su?"