Na zuba tsofaffin gem a shagona yara sun ƙi zama, ku ba ni shawara

Mai Gidan Gem: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka da shawara, abin ya fara hana ni barci. Ina da ɗan gidan gem a unguwarmu, PS4 guda 2, yara na buga ƙwallo, ana samun na cefane. Amma ni ba da ƙwallo na tashi ba. Yayana yana da shagon buga takardu a farkon shekarun 2000, in an tashi aiki sai ya bar min kwamfutar. A nan na san Age of Empires II da Red Alert 2. Daga baya wani ɗan jami'a da ke zuwa buga furojet ya kawo mana Baldur's Gate a faifai 5. Da ƙamus a gefe nake buga shi, kuma rabin Turancin da nake ji yau a nan na samo. Yayan nawa ya rasu, Allah ya jiƙansa, shagon ma ya koma kemis.

Kwanakin baya wani ofis ya fitar da tsofaffin kwamfutoci, na ɗauki 4 da kuɗin adashen yayata, bisa alkawarin zan biya kafin azumi. Na zuba waɗannan gem ɗin, na ƙara da Fallout. Yara sai su leƙa su ce "Oga, wannan ai na zamanin da ne," su koma layin ƙwallo. Ɗaya ya daure ya zauna kan Baldur's Gate, yana fita daga Candlekeep, wurin da ake fara gem ɗin, kerkeci ya kashe shi, ya miƙe. Gem ɗin ne suka tsufa, ko ni ne ban iya nuna su ba? In sayar da injinan in sallami yayata, ko in ƙara haƙuri?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka. Nawa kake karɓa a awa? Kuma ka haɗa injinan da juna ko kowanne zaman kansa yake?

Injiniya: Ƙanina, saurara da kyau, don na san harkar nan tun ana sa gem a fulofi. Ka haɗa abu biyu da ba jinsinsu ɗaya ba. Gem ɗin dabarun yaƙi daban, gem ɗin labari daban.

Age of Empires II ya fito 1999, an sake gyara shi 2013, an kuma sake 2019, har yau ana gasarsa da kuɗi. StarCraft na 1998 ne, a Koriya ta Kudu ba a daina gasarsa ba, kuma tun 2017 kyauta ake sauke na asalin. Me ya raya su? Mutum ke karawa da mutum. Cikin minti goma yaro ya gane: tara itace, tara abinci, gina bariki, mai mashi na maganin mai doki. Wannan ba ya tsufa. Wanda ya tsufa shi ne irin Dune II na 1992, da sai ka danna soja ɗaya-ɗaya kafin ka tura shi.

Baldur's Gate kuwa dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons aka ɗora shi a kai. Lambar sulkenka in ta yi ƙasa ita ce mai kyau, wa zai gaya wa yaro haka? Fallout na 1997 kwana 150 yake ba ka ka nemo na'urar ruwa, ba wata kibiya da ke nuna maka hanya. An yi su ne don mai kwamfuta a ɗakinsa da littafin bayani a hannu, ba don mai biyan awa ba. Goge su yau. Sayi kebul, haɗa injinan, sa gasa ranar Asabar, biyu da biyu. Magana ta ƙare.

Mai Gidan Gem: Na gode Injiniya, amma gogewa kam a'a. Saboda Baldur's Gate na sayi injinan. Ina so ko yaro ɗaya ne ya samu abin da na samu. Kuma ai ba a barin gem don an mutu sau ɗaya, sebin ake yi, wato a ajiye inda aka tsaya, a sake gwadawa.

Injiniya: Sebin ɗin wa? Yaro ya yi awa biyu, gobe ya dawo ya tarar wani ya hau injin ya danne masa nasa. Shago ka buɗe ko makaranta?

Ɗan Maraɗi: Injiniya, da girmanka, ban yarda da kai duka ba. Ka ce na dabaru ba su tsufa ba, to ka ba yaron da ya saba taɓa gilashin waya StarCraft, da ba ka iya zaɓar soja fiye da 12 a lokaci guda, ka ga ko zai zauna. Ni shawarata Heroes of Might and Magic III. Shi ma na 1999 ne, amma har yau yana da kyaun gani. Bi da bi ake yi, ba gaggawa, kuma mutum da yawa na iya bugawa a inji ɗaya, kowa ya gama ya miƙa wa na kusa. Mu haka muka yi ta yi da na Faransanci. Sai dai ka nemi wanda ake kira Complete, don na HD da ya fito 2015 babu ƙarin ɓangarorin a ciki.

Injiniya: Mutum huɗu a inji ɗaya, sauran ukun na shan ƙura, wasa ɗaya ya ci yini. Kuɗin adashen daga ina zai fito?

Abu Hanif: Ku kuna ta lissafin gem, wutar fa? Ni abin da ya rufe min shago ke nan. Ƙwallo minti goma ce, in an ɗauke wuta a sake. Amma mutum ya yi minti arba'in yana gina gari, wuta ta tafi, wa zai biya? Ranar da na sayi man janareto ya fi cinikin yini na san an zo ƙarshe. Ga sayen gem na halal a intanet, katin bankina ya ƙi wucewa, na yi ta zarya ana ce min in dawo gobe. Har yau firij ɗina na wajen wanda na ci bashinsa.

Maman Sadik: Ni dai a matsayina na uwa zan yi magana. Nawa ɗan kuɗin tara yake kaiwa gidan gem, sai malaminsu ne ya gaya min ba ya shiga aji bayan an fita tara. Kullum faɗa muke da babansa a kan haka. Sannan Malam, ƙanena ya taɓa buga wannan Baldur's Gate ɗin, na san tsafi ne da alloli a ciki, jarumin ma ɗan wani abin bautar kisa ne. Ka tambayi iyayen yaran kafin ka zaunar da su a kai?

Mai Gidan Gem: Hajiya, ba na barin mai kayan makaranta ya shigo, kowa ya sani a layinmu. Labarin kuma ƙage ne, kamar tatsuniya, ni na buga bai taɓa min aƙida ba. A Age of Empires II ma akwai yaƙin Salahuddin, yaro zai san tarihi.

Maman Sadik: To ka tsaya a na Salahuddin ɗin mana.

Ɗan Zazzau: Ba wanda ya ambaci wannan: a 2021 an ƙara Hausawa cikin Age of Empires III, da Sarauniya Amina, da birnin Kano, da mahaya masu lifidi, sojojin ma Hausa suke yi in ka danna su. Wallahi in yaro ya ji soja ya amsa masa da Hausa, da kansa zai ja kujera.

Injiniya: Wannan sabon gyara ne, yana son inji mai ƙarfi, kwamfutar ofis ba za ta ɗauka ba. Shi ma mai tambayar har yanzu bai faɗi ƙarfin injinan ba. Kuma ka sani, Red Alert 2 da tsohon tsarin IPX yake haɗa injina, Windows na yanzu ya cire shi, sai ka sa CnCNet, manhajar da ke haɗa masu buga shi. Fara da Age of Empires II.

Mai Gidan Gem: Zan duba maganar kebul in kuɗi sun shigo. Amma ina ganin matsalar na fara musu da na ɗaya ne. Baldur's Gate II na 2000 da ƙarfinka kake farawa, ba a kashe ka da wuri. Shi zan sa a inji biyu in ga wannan watan. Yaya ban gaya mata komai ba tukuna.

Baban Ilham: Malam, har yanzu ba ka faɗi nawa kake karɓa a awa ba.

Abu Hanif: In ka tashi sayarwa ka yi min magana ta ciki, akwai mai neman biyu don koyar da yara tafin.