Rashin ciniki ne ke kashe ƙananan masana'antu, ko riƙe musu kuɗi?

Mai walda: Jama'a, kowa cewa yake rashin ciniki ne ya durƙusar da ƙananan masana'antu. Ni ban yarda ba. Riƙe mana kuɗi da manya ke yi ya fi kashe mu. Bara na karɓi aikin ƙofofi da tagogi a hannun wani ɗan kwangila. Na ɗauko ƙarfe bashi, na biya yara shida daga aljihuna, na kai kaya aka sa hannu. Sai da na yi wata biyar ina sintiri kafin kuɗina su fito, lokacin ƙarfe ya riga ya tashi, ribar ta narke.

Akanta: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma wanda ya riƙe maka, sau da yawa shi ma wani ne ya riƙe masa. Asalin ciwon tsadar bashi ne da raguwar masu saye. Idan kuɗin ruwa ya hau, babban kamfani sai ya ga jinkirta biyanka ya fi masa sauƙi a kan zuwa banki. Jinkirin alama ce kawai.

Mai ɗinki: Malam, ai ka faɗa da bakinka. Bashi suke ci a kanmu, ba ruwa, ba jingina, ba su ma tambaye mu ba. Kekuna goma sha biyu gare ni, takwas na rufe da leda, alhali oda na nan a kan tebur. Kuɗin sayen yadi da zare ne babu, suna can wajen waɗanda na yi wa kayan ma'aikata. Kullum na kira, amsar ɗaya ce: wanda zai sa hannu ya yi tafiya.

Injiniya: Ina bayan Hajiya. Ku tuna Carillion, katafaren kamfanin gine-gine na Birtaniya da ya rushe a Janairun 2018. Kwana 120 ya yanka wa masu yi masa aiki kafin ya biya, ya kuma faɗi da kuɗin ƙananan kamfanoni kusan 30,000 a wuyansa. Aikin suna da shi, sun ma gama. Kuɗin ne bai iso ba.

Akanta: Misalin nan ni ya fi taimaka, Injiniya. Tun 1998 Birtaniya ke da dokar da ta ba ƙaramin ɗan kasuwa damar neman kuɗin ruwa a kan jinkiri. Ta hana? Japan ta yi tata tun 1956, tana kuma da wa'adin biya na kwana 60. Indiya ta sa kwana 45 a 2006. Doka ba ta zuba kuɗi a asusun da ya bushe.

Mai ɗinki: Ba duka ne asusunsu ya bushe ba. Carillion ɗin nan kafin ya rushe yana raba wa masu hannun jari riba, mu irinmu muna jira. Dokar kuwa, wa zai kai ƙarar wanda shi kaɗai ke ba shi aiki? Ka ci shari'a, ka rasa oda.

Mai aikin roba: Ku yi haƙuri iyayena, ni ne ƙarami a nan, amma mu ma da laifinmu. Mun rataya a jikin mutum ɗaya. Ni yanzu ba na kunna inji sai an ba ni kafin alƙalami, ko da na kayan aiki ne kawai.

Mai walda: Ɗana, Allah ya yi albarka, na gwada. Ina neman kafin alƙalami ya ce zai kira ni. Washegari aikin yana hannun wani, wanda shi ma bashin ƙarfen zai ɗauka. Sai dai in dukkanmu za mu haɗa baki mu ƙi.

Mai aikin roba: To mu haɗa mana, Baba. Mu fara da rubuta sunayen masu jinkiri da kwanakin da kowanne ya ɗauka, duk mai shirin karɓar aiki ya duba tukuna.

Akanta: Wannan kam zan riƙe muku lissafin. Amma maganata ta kuɗin ruwa tana nan, ban janye ba.