Sensar hayaƙi a manyan motoci: a cire ko a gyara?

Alhaji Mai Tirela: Salamu alaikum. Ni fa na yanke hukunci, mai ja ya ja. Sensar hayaƙin nan da ke salansar motocin Yuro 6, masu bin ƙa'idar hayaƙi ta Turai, ba ta da wani amfani a ƙasar nan, tarkon kuɗi ce kawai. Kan tirelata ɗan Beljiyam ya kunna wutar injin, aka sa kwamfuta aka ce sensa ce. Na sayi sabuwa aka ɗaura, wuta ta mutu. Mota ta ɗauko siminti daga Ashaka za ta Yola, ko Kaltungo ba ta wuce ba wutar ta dawo, ga shi kuma ba ta jan tudu kamar da. Gobe zan sa a fasa tukunyar tace hayaƙin a kwashe abin da ke ciki, a goge komai daga kwamfutar motar, kowa ya huta.

Baba Bakanike: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai ka makara ma. Da ranar da ta iso daga Legas ka yi haka, da kuɗin sensar nan yana aljihunka.

Riwaya: Ranka ya daɗe, kafin a ɗauko guduma, wace sensar aka canza? Akwai ƙarama mai siraran bututu biyu, ɗaya a gaban tukunyar DPF ɗaya a bayanta, wato tukunyar da ke tare kabon, baƙin da ke cikin hayaƙi. Ita matsin iska take aunawa don kwamfuta ta san ko tukunya ta cika. Akwai kuma wadda ake ɗaurewa a jikin salansa bayan tukunya, mai doguwar waya da ɗan akwati a ƙarshenta. Aikinsu ba ɗaya ba ne, lambar matsalarsu ma daban. Wace lamba kwamfutar ta nuna?

Alhaji Mai Tirela: Mai akwatin ce. Lamba kuma wa ya riƙe? Yaron ya ce sensa, na ce a sayo.

Mai Sifiya: Ni dai a shaida, abin da aka tambaye ni shi na bayar, lambar jikinta ɗaya da ta tsohuwar. Kada gobe a ce kayana ne jabu.

Riwaya: Ba wanda ya ce haka, Oga. Hasali ma dawowar wutar ce ta sa nake ganin kayanka lafiya lau suke. Bari in faɗi yadda abin yake aiki. A bakin sensar akwai ɗan falle na tangaran, an shimfiɗa masa siraran layukan ƙarfe a jere, kusa da juna amma ba su taɓa juna ba. Kabon ɗin da ya tsere wa tukunya yana sauka a kai a hankali har ya haɗa layukan, wuta ta fara ratsawa. Kwamfuta tana lissafin tsawon lokacin da hakan ya ɗauka. In ya jima, tukunya na aikinta. In nan da nan ya haɗe, kabon na wucewa da yawa. Daga nan sensar ta zafafa kanta ta ƙone abin da ya taru, ta sake sabon lale. Kuma ba ta fara aiki da tayar da mota, sai salansa ta yi zafi raɓar ciki ta bushe. Shi ya sa in an goge lamba wuta take mutuwa a gareji, sai an yi tafiya mai nisa ta dawo. Sabuwa ta faɗi abin da tsohuwa ta faɗa, Alhaji. Maigadi biyu sun ce ɓarawo ya shiga, kai kuma kana shirin korar na biyun.

Direba: Gaskiya cikin bakin salansar ya yi baƙi ƙirin. In ka sa yatsa sai ya fito kamar ka shafi gindin tukunyar girki. Lokacin da motar ta zo ba haka yake ba, ƙarfen fes yake.

Riwaya: To kun ji. Motar da tukunyarta ke da lafiya, ko farin ƙyalle ka goga a bakin salansa da ƙyar ya yi duhu. Wannan tukunyar ta tsage ko ta narke a ciki.

Baba Bakanike: Yaro, ka yi karatu, ban hana ka ba. Amma ka faɗi dalilin tsagewar mana. Turawan da suka ƙera motar nan gas ɗinsu suka auna, ba namu ba. Mu nan direba zai sha mai a gidan mai yau, gobe ya sha na jarka a bakin hanya wanda Allah kaɗai ya san me aka zuba masa. Ka sa sabuwar tukunya, wata nawa za ta yi? Ga Howo 371 nan cike da hanyar Bauchi da ta Biu, babu tukunya babu sensa babu ruwan AdBlue na tsaftace hayaƙi, suna kai kaya suna dawowa. Tsofaffin DAF da MAN da muka tashi a kansu ma haka. Mai mota abinci yake nema.

Injiniya: Baba yana da hujja a maganar mai, kada a raina ta. A Turai tun 2009 salfar da ke cikin gas ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, a Amurka 15 tun 2006. Mu kuwa mun daɗe dokarmu tana barin har 3,000. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan, Public Eye, ta fitar da rahoto kan irin ƙazamin man da ake turo wa Afirka ta Yamma, a 2020 kuma ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Salfa tana kashe tukunyar farko, wadda ke gaban DPF, mai haɗa zafin da ake ƙone kabon da shi. In ta mutu ƙonawa ba ta kammaluwa, kabon ya yi ta taruwa. Inda na rabu da Baba shi ne, ba duk tukunyar da ta lalace ba ce mai ya kashe ta. Da yawa baƙin mai ne. Injin Yuro 6 yana son baƙin mai mai ƙarancin toka, irin masu lamba E6 ko E9 ko CK-4. Kabon yana ƙonewa a wajen digiri 600, toka kuwa ba ta ƙonewa ko za a kwana ana hura mata wuta, sai an sauke tukunya an fitar da ita. Alhaji, wane baƙin mai ake zuba wa motar?

Alhaji Mai Tirela: Na duro, wanda nake zuba wa sauran motocina. Yanzu kuma baƙin man ma sai na ware mata nata kamar amarya?

Injiniya: Ƙwarai kuwa.

Direba: Tunda ana tone-tone, ni ma a ji nawa, don na san ƙarshenta a kaina za a sauke. Akwai maɓallin da ke hana mota ƙona kabon, kuma ina danna shi. In muna layin lodi mota takan kwana a kunne, yarona yana shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta. In ta fara ƙonawar nan salansa zafi take kamar maƙera, ga busasshiyar ciyawa ko'ina da rani, ga tankokin mai a gefe. In bar ta ta tashi gobara?

Riwaya: A wurin lodi daidai ka yi, don haka aka sa maɓallin. Amma in ka hau titi sai ka sake shi. Daga Gombe zuwa Alkaleri da kaya a baya ya ishe ta ta ƙone abinta ba tare da ka sani ba. Abin da ke kashe tukunya shi ne a yi ta hanawa har ta cika maƙil, sannan wani ya zo da kwamfuta ya tilasta mata ƙonawa a tsaye. Kabon mai yawa in ya kama gaba ɗaya zafinsa yana iya haura digiri 1,000, tangaran ɗin ciki ya tsage. An taɓa yi wa motar nan haka?

Direba: An yi, kafin azumi. Har hayaƙi fari ta yi ta fitarwa.

Baba Bakanike: To ai maganata ce ta fito. Motar da sai an yi mata wannan lallashin ba ta hanyarmu ba ce.

Riwaya: Baba, a gafarce ni, akwai abin da har yanzu ba a taɓa ba. Alhaji ya ce mota ba ta jan tudu. Sensar bayan tukunya galibi wuta kawai take kunnawa, ba ita ke rage ƙarfi ba. Tukunyar da ta tsage ma ba ta toshe numfashi. Ke nan akwai wata cuta a gaba: ko robar iskar turbo ta yage tana zubar da iska, ko nozul yana zuba gas fiye da kima, ko bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji ya maƙale. Kowanne cikinsu yana rage ƙarfi, yana kuma haifar da kabon ninkin ba ninkin. In aka fasa tukunya aka goge lambobi, cutar tana nan, an dai kashe abin da zai faɗe ta. Nozul mai zuba kuwa ba hayaƙi kaɗai yake jawowa ba, yana wanke silinda, gas ya gangara cikin baƙin mai, wata rana fistin ya tafi. Sannan gogewar da ake taƙama da ita, wa ya rubuta manhajar? Na ga motar da aka yi wa, wutar injin ta mutu har abada, ko sensar zafi ka cire ba ta kunnawa.

Mai Sifiya: Wannan gaskiya ne, an kawo mini irinta neman injin.

Injiniya: A ƙara da wanda ke shaƙa. Tun 2012 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Ba Alhaji ne ke tsaye a bayan salansa ba, yaron mota ne da masu lodi a kasuwar Tudun Hatsi da mai shayin tasha.

Baba Bakanike: Injiniya, motoci nawa ne a Gombe suke da tukunyar? Ta Alhaji ɗaya ce za ta gyara iskar gari? Ni shekaruna nawa a cikin hayaƙin nan, ga ni.

Injiniya: Allah ya ƙara lafiya Baba, amma tarin nan naka na asuba har makwabta sun san shi.

Alhaji Mai Tirela: Ku bar tarin Baba. Kai Riwaya, in na kawo ta me za ka yi, kuma kada ka ce in sake sayen sensa.

Riwaya: Ba za ka saya ba sai na ga dalili. Zan fara karanta lambobin duka in rubuta su kafin a goge komai. In na ga 3251, bututun matsin iska zan cire in busa, don kabon kan toshe su, zafi kuma kan fasa robarsu. In 3719 ce, kwamfuta na ganin tukunya ta cika. Sai soket ɗin sensar: wuta bolt 24 tana isowa, wayar as mai haɗuwa da jikin mota tana da kyau, sannan a kashe mota a auna wayoyin saƙo biyu, a samu om 60. Sau da yawa wayar ce ta kwanta a jikin salansa ta narke, ko ruwan wanki ya shiga soket ya yi kore. Daga nan a gwada iskar turbo da nozul, a sauke tukunya a duba fuskarta ta baya. In akwai baƙin tabo a wurin, magana ta ƙare. Tsohuwar sensar tana ina? In yaron bai murɗe wayarta wajen kwancewa ba, ko ya wanke bakinta da fetur, ko ya yar da ita a ƙasa tangaran ya fashe, ina kyautata zaton lafiyarta ƙalau.

Mai Sifiya: Kayan lantarki dai in an ɗaura ba a dawo da su, na faɗa tun yanzu.

Alhaji Mai Tirela: Tsohuwar tana cikin akwatin kayan aiki, in yaran ba su sayar wa 'yan gwangwan ba. Zan kawo motar ranar Asabar a duba turbo da nozul ɗin. Maganar tukunya kuwa ban janye ba, sai na ji kuɗin ta Beljiyam tukuna. Mai Sifiya, ka tambayo mini kasuwar Kofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas, ka haɗa da kuɗin mota.

Baba Bakanike: Ta Beljiyam ɗin ma wani ne ya cire ta don ta ishe shi. Riwaya, ka haska ta da tocila kafin Alhaji ya biya.