Muhawara: Mai cin nama zai ɗauki sirdi?

Bashir: Jama'a, ku raba mu da Malam Idris. Ina babi na tara a labarin almarar kimiyyar da nake rubutawa, kuma na ƙirƙiro wata dabba na sa mata suna garzum. A wata duniya take, ba wannan tamu ba. Ƙafarta shida, nauyinta ya kai kilo 600, nama kaɗai take ci, kuma da farauta take samunsa. Mayaƙan duniyar suna ɗaura mata sirdi su fita yaƙi, su ɗari biyu a rundunar da nake ba da labarinta. Na tura wa Malam babin, sai ya dawo mini da shi da layi ɗaya tak: mai cin nama ba ya zama abin hawa, ko a nan ko a bayan taurari. Na ce ban yarda ba.

Malam Idris: Ina nan kan bakana, Bashir. Ban hana ka ƙirƙirar dodo ba, ka yi masa kai bakwai ma in ka ga dama. Amma ranar da ka ɗora masa sirdi ka shigar da shi lissafi, domin abin hawa ba hawan yini ɗaya ba ne. Sai an ciyar da shi, an ɗaure shi a turke, ya haihu a hannunka, ɗan yaro ya kai masa ruwa ya dawo da ƙafafunsa. Dubi duk abin da ɗan Adam ya taɓa hawa: doki, jaki, alfadari, raƙumi, sa, giwa. Kowannensu ciyawa ko ganye yake ci. Masanin nan kuma marubuci Jared Diamond ya ƙirga a 1997 cewa manyan dabbobi 14 kacal aka mayar na gida kafin ƙarni na 20, kuma babu mafarauci ko ɗaya a ciki.

Rukayya: Malam, a gafarce ni, wannan hujjar akwai rami a cikinta. Shi Diamond tun farko dabbobi masu cin ciyawa da masu cin komai ya tara, guda 148, a cikinsu ya fitar da 14 ɗin. Masu cin nama bai saka su a layin ba ma. Ba za ka hana mutum shiga jarrabawa sannan ka ce ya faɗi ba.

Malam Idris: Gaskiyarki, na karɓa. To amma me ya sa bai saka su ba? Saboda ciki. Tun 1942 masanin muhalli Raymond Lindeman ya bayyana yadda ƙarfin abinci ke zubewa daga mataki zuwa mataki, kuma ƙiyasin da aka saba yi shi ne kusan kashi ɗaya cikin goma ke tsallakawa daga ciyawa zuwa mai cinta, haka kuma daga mai cinta zuwa mai cin namansa. Namijin zaki yana buƙatar kamar kilo 7 na nama a rana, alhali yana iya kwashe awa 20 a kwance. Garzum ɗin Bashir ya ninka zaki wajen sau uku, kuma ba kwanciya zai yi ba, yini zai yi da ƙato a bayansa. Mu yi masa sauƙi mu ce kilo 20. Sau ɗari biyu, kilo 4,000 ke nan kullum. In kowace dabbar da za a yanka ta ba da kilo 200, to dabba 20 za a kayar kafin rana ta faɗi, gobe ma haka. Tafiyar wata guda, garken dabba 600 zai bi rundunar a baya, da makiyayansa, da ruwan shansa. Doki kuwa ka sauka ka sassauta masa linzami, abincinsa na nan ƙarƙashin ƙafarsa.

Sani: Kai Malam, ai garzum ɗin sai ya yi wa kansa farauta a hanya.

Malam Idris: Mafarauta ɗari biyu a daji ɗaya? Kwana biyu ko ɓera ba za ka gani ba. Kuma wa zai kira su su dawo bayan sun ƙoshi?

Dakta Hadiza: Ni ba ta ciki zan shigo ba, ta gadon baya zan shigo, tunda aikina ke nan. Duk wanda ya taɓa bin bayan doki da tafin hannunsa daga kafaɗa zuwa ƙugu ya san abin da nake nufi: ka danna, ba ya lotsawa, kamar gungumen itace aka shimfiɗa tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Shi ya sa sirdi ke zama. Duk da haka ma masu kula da dawaki sukan ce kada nauyin mahayi da kayansa ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin. Yanzu ku ɗora kyanwa a tebur. Ina riƙe da ita ta wuya, amma ƙugunta ya riga ya juyo yana fuskantata, faratan baya sun kama hannun rigata. Bayanta kamar bulala yake. A sukuwa ma da bayan take gudu: ya lanƙwashe ƙafafun baya su wuce na gaba, ya miƙe kamar an saki baka. Cita, damisar nan mai gudu, da wannan take kai wajen kilomita 100 a awa, na 'yan daƙiƙoƙi. Ka ɗora mutum a tsakiyar wannan bayan, ka kashe gudun, shi kuma mahayin tsalle na uku yana ƙasa.

Bashir: Dakta, a nan ne ƙafa shidan ke aiki. Tsakanin ƙafafun tsakiya da na baya ƙashin a haɗe yake, ba ya motsi, nan ake ɗaura sirdi. Gaban kuma, daga ƙafafun tsakiya zuwa kai, shi ke lanƙwasa, da shi take cafka.

Dakta Hadiza: To wannan na saya. In dai ƙafa huɗu na ɗauke da mahayi, biyun gaba na kai hari, jikin zai iya. Sai dai ka rubuta shi a labarin, kada ka bar shi a kanka. Kuma ka tuna abu ɗaya: linzamin doki yana zama ne a wani fili da babu haƙori tsakanin haƙoran gaba da turame. Bakin mafarauci babu wannan filin. Da me mahayinka zai juya ta?

Bashir: Wallahi ban yi tunanin wannan ba. Linzami na rubuta.

Sani: Ni fa har yanzu ina bayan Yaya Bashir. Kare fa? Daga kyarkeci ya fito, mafarauci ɗan mafarauci, kuma shi ne dabbar farko da mutum ya mayar ta gida, shekara 15,000 ko fiye. A 1925 da mashaƙo ya ɓarke a garin Nome na Alaska, karnuka ne suka ja maganin a kan ƙanƙara, fiye da kilomita 1,000, a kwana biyar da rabi, ana miƙa wa juna. Wane doki zai yi wannan a cikin sanyin nan?

Malam Idris: Ja suka yi, ɗana, ba hawansu aka yi ba. Kuma karen da kake gani ya daɗe da koyon cin ragowar abincin mutane. Amma ka taɓo wani abu mai amfani ba da saninka ba. Kyarkeci a ƙungiya yake rayuwa, ya san bin na gaba, kuma mai doguwar tafiya ne, yana bin dabba har ta gaji. Shi ya sa aka samu ƙofar shiga. Shi kuwa Bashir, in ban manta ba, a shafi na uku ya ce garzum ita kaɗai take yawo, kwanton ɓauna take yi. Wato damisa ya zana mana. Ga labarin da zai ba ku dariya: Sarki Akbar na daular Mughal ta Indiya, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya tara cita masu yawan gaske don farauta. Kun san yadda ake kai su daji? A keken shanu, an rufe musu ido, sai an hango barewa a sauke su. Wato a tarihi mafaraucin ne aka ɗauka, ba shi ya ɗauki kowa ba. Kuma kusan dukkansu daga daji aka kamo su, domin da wuya suke haihuwa a tsare.

Rukayya: To a kamo ta daga daji mana. Giwar da ake hawa a Asiya ma yawanci haka aka yi ta yi da ita, horarriya ce, ba dabbar gida ba. Mafarautan Kazak a yammacin Mongoliya gaggafa suke kamowa, su yi shekaru suna farauta tare, daga baya su sake ta. Kuma ina so a daina ɗora komai a kan cin ciyawa. Jakin dawa ciyawa yake ci, jikinsa kamar na doki, amma har yau bai zama abin hawan kowa ba saboda cizo da harbi da firgita. Wani attajirin Birtaniya, Walter Rothschild, ya taɓa sa su suka ja masa keken doki a Landan, abin ya tsaya a kallo. Ashe hali ne maganar.

Malam Idris: Hali ɗin ne kuwa zai kayar da ku. Jakin dawa in ya fusata gudu yake son yi ya rabu da kai. Mafarauci in ya ga abu ya faɗi yana mutsu-mutsu, jikinsa ne ke amsawa kafin kansa. Roy Horn ya shafe shekaru yana wasa da manyan damisoshi a Las Vegas, amma a 2003 ɗaya daga cikinsu ta cafke shi a wuya a gaban 'yan kallo. Wannan fa a ɗaki ne mai fitilu, ba filin daga ba inda jini ke ko'ina. Kai wa mahayi irin wannan dabba yaƙi, ba kura ajiyar nama ne.

Sani: A yi mata irin na Belyaev, masanin nan na Rasha, mana. Tun 1959 a Novosibirsk suke zaɓar yanyawa mafi sanyin hali su haɗa su, har aka samu masu kaɗa wa mutum wutsiya.

Dakta Hadiza: Ƙanena, sai ka samu garzum mai kaɗa wutsiya. Bashir kuma wadda za ta yaga abokin gaba yake so. Abin da za ka cire don ta bar mahayinta, shi ne abin da ya sa aka hau ta.

Rukayya: Ni ga shawarata kan maganar ciki. A mayar da ita mai sanyin jini kamar kada. Kada yana iya yin watanni bai ci ba. Garken Malam na dabba 600 ya watse ke nan.

Malam Idris: Ya watse, amma kada minti nawa yake kokawa kafin ya laushi? Kuma abokan gaba sai su jira asuba mai sanyi su zo su same ku kuna jiran rana ta gasa dabbobinku.

Bashir: Wannan ai babi ne guda ka ba ni kyauta, Malam. Ga inda na tsaya. Rundunar ɗari biyu na soke ta, sauran mayaƙa za su hau wata dabba mai kiwo. Garzum bakwai za su rage, na 'yan leƙen asiri, kowace an ɗauko ta tun tana jaririya, mutum ɗaya ta sani. A ƙungiya za su riƙa rayuwa, na gyara shafi na uku. Babu linzami, da gwiwa da fito ake juya ta, kuma ba a hawanta sai kwana biyu bayan ta ci.

Malam Idris: Bakwai zan iya haɗiyewa, da ƙyar. Amma ban janye ba, domin abin da ka bayyana yanzu abokin farauta ne da ke haƙuri da mutum a bayansa, ni ban kira shi abin hawa ba. Ka amsa mini wannan kawai: an harbi mahayin a cinya, ya zamo ƙasa, jini na zuba, kwana huɗu rabonta da abinci. Ta juyo ta sunkuyar da kai tana shinshina shi. Sai me?

Bashir: Sai babi na goma. Ban rubuta ba tukuna.

Rukayya: In ka sa ta lashe masa ciwon ta ɗauke shi zuwa gida, ni da kaina zan koma bayan Malam.