Mota na ƙyas-ƙyas ta ƙi tashi: abin da makanikai suka ce

Makanikan Sabon Gari sun yi ittifaƙi: a fara da batir, musamman da sanyin safiyar hunturun Zariya. Ƙara a jere, fitilu suna dusashewa, batir ne ya yi rauni. A sa mitar auna ƙarfin batir: cikakke volt 12.6 yake nunawa, ƙasa da 12 sai caji.

Sau da yawa ma kan batir ne ya yi farin gari. A kwance da sifana, baƙar waya tukuna, a wanke da ruwan zafi, a ɗaure tamau.

Ƙara ɗaya tak, fitilu garau? Kik ne, wato na'urar da ke tayar da inji, galibi burushinsa ya cinye. A ɗan ƙwanƙwasa shi ana murza makulli. In ta tashi, a wuce wajen mai gyaran wayoyin mota.