Na iya Figma, amma na rasa inda zan dosa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar zayyana manhajoji. Na koyi Figma, wato manhajar yin zayyana, ta YouTube, ina zana fuskar manhaja ta fito tsaf. Inda na cije shi ne binciken masu amfani, wato yadda ake zama da mutum a gano abin da ke ba shi wahala kafin a fara zane. Masu ɗaukar aiki kuwa wannan suke son gani.

Na duba kwas ɗin UX (wato tsara manhaja yadda za ta yi wa mai amfani sauƙi) na Google a Coursera, shafin karatu ta intanet, amma biyan wata-wata ne, ya fi ƙarfina. Akwai wanda ya samu tallafin kuɗinsu? Me kuka rubuta wajen nema? In kuma akwai hanya ta kyauta mai tsari, ku taimaka ku nuna mini.